Kunnen da ke Jin Dutse: Gwanintar Mahaƙan Kwal na Wales

A kudancin Wales, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka haɗu suka zama Birtaniya, akwai wasu kwaruruka dogaye masu ƙunci da suka gangaro daga tsaunuka suka nufi teku. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, yaron da aka haifa a cikinsu ya san inda zai dosa tun bai iya rubuta sunansa ba: ƙarƙashin ƙasa, a bayan mahaifinsa. A 1913, shekarar da haƙar kwal ta kai ƙololuwa a yankin, maza fiye da 230,000 ne ke aiki a mahaƙun, suka fito da kusan tan miliyan 57. Jiragen ruwan yaƙin Birtaniya da wannan kwal suke tafiya, saboda zafinsa da ƙarancin hayaƙinsa, tashoshin Cardiff da Barry kuma suna loda shi zuwa kowace nahiya. Kwarin Rhondda, wanda mazaunansa ba su kai 1,000 ba a 1851, ya haura mutum 150,000 a 1911.

Wanda bai san aikin ba gani yake ƙarfin damtse ne kawai, a ba ƙato diga da shebur ya yi ta sara har la'asar. Ƙarfi kam dole ne, amma ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum ƙarshen mako a cikin rami. Cikakken mahaƙi kafinta ne, magini ne, mai lissafi ne, kuma sama da komai mai sauraro ne. Ilminsa babu shi a littafi; daga bakin uba yake shiga kunnen ɗa, a cikin duhu. Wannan ilmin ne ya riƙe rayuka, shi ne kuma abin da masu rami suka fi ƙyashin biya. Rigimar da ta haifi ƙungiyoyin ƙwadagon Wales daga nan ta samo asali.

Yaro ya bi sawun uba

A farkon ƙarni na 19 yara 'yan shekara shida da bakwai suna zama su kaɗai a cikin rami tun safe har dare, aikinsu buɗe ƙofar iska idan tarago ya zo wucewa, su rufe bayan ya wuce. Rahoton wani kwamitin bincike ya girgiza jama'a, sai majalisa ta yi dokar 1842 da ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa. Aka yi ta ɗaga shekarun sannu a hankali, har dokar 1911 ta kai su 14.

Saboda haka yaron zamanin da muke magana a kai yana barin makaranta ne ranar Juma'a, Litinin da asuba ya saka wando mai kauri da takalmi mai ƙusoshi. Uwa ta zuba masa burodi da cuku a gwangwani mai murfi, don ɓerayen rami ba sa barin abin da aka naɗe a takarda, ta cika masa gorar ƙarfe da shayi mai sanyi. Ya karɓi fitila, ya shiga keji da manya, keji ya sulale da su ɗaruruwan mitoci cikin abin da bai fi minti ɗaya ko biyu ba. A ƙasa kowa yakan ɗan tsugunna har idonsa ya saba da duhu. Daga nan sai tafiyar ƙafa, wani lokaci fiye da mil guda, a sunkuye, ana kauce wa ƙuru-ƙurun dawakin da ke jan taragu, kafin a isa bangon kwal.

Kowane mahaƙi yana da gurbinsa a jikin bangon, kuma yaro ɗan hannunsa ne. Galibi uba ne da ɗa, ko kawu da ɗan 'yar'uwarsa, ko wa da ƙane, kuma daga aljihun babban ake biyan ƙaramin. Aikin farko ba shi da wani armashi: kwashe kwal a wani faranti mai gefe uku, a ja shi zuwa tarago, a kawar da tarkacen dutse, a ɗauko katako. Amma duk tsawon wannan lokaci ana koya masa abin da ya fi waɗannan, kuma dokar 1887 ma ta yarda da haka, domin ta hana mutum yin aiki shi kaɗai a bangon kwal sai ya yi shekara biyu a hannun gwani. A aikace yawancinsu sun fi haka daɗewa. Ranar da saurayi ya sami gurbin kansa, ya sayi kayan aikinsa, aka ba shi nasa yaron, ranar ce unguwa take lissafa shi cikin maza, ya kuma fara tunanin aure.

Yadda ake jin rufi

Darasi na farko shi ne rufin rami. Kwal shimfiɗa ce a tsakanin shimfiɗun dutse, kuma da zarar an zare ta, duk nauyin da ke sama zai fara neman wurin zama. Fashewar iskar gas ita ce take cika jaridu, amma idan aka tara shekaru aka yi lissafi, ruftawar rufi da bango ta fi ta kisa a mahaƙun Birtaniya. Tana ɗaukar mutum ɗaya yau, biyu jibi, babu mai ji sai 'yan layinsu.

Shi ya sa mahaƙi ba ya taɓa kwal da safe sai ya gaisa da rufi. Yakan ɗaga digarsa ya ƙwanƙwasa dutsen da ke bisa kansa, taku bayan taku, kamar yadda mai sayen tukunya take ƙwanƙwasa ta a kasuwa ta ji ko da tsagu. Dutsen da ke manne da na samansa ƙararsa garau take fita. Wanda ya rabu da ɗan'uwansa sai a ji ta dushe, da alamar rami a bayansa. Wannan ko sabon yaro zai gane cikin makonni. Inda gwaninta take shi ne, falalen dutse idan ya yi kauri sosai yakan yi ƙara irin ta lafiyayye alhali ya riga ya saki. Don haka gwani yana bugu da hannun dama, yatsun hagunsa suna dafe da dutsen. Abin da kunne bai kama ba, wata 'yar karkarwa a ƙarƙashin yatsu za ta tona shi.

Bayan kunne da yatsu sai ido. Ƙura ce take zubowa siririya daga inda jiya babu ita? Tsagun da aka yi wa alama da alli ya ƙara baki? Ruwa ya fara ɗiga a sabon wuri? Kowanne magana ce. Akwai kuma maƙiyin da ba ya sallama: kututturen itatuwan da suka zama dutse tun zamanin da kwal ɗin kansa yake daji. Suna tsaye a cikin rufi, faɗinsu a ƙasa, jikinsu da santsi, ba abin da ya riƙe su sosai. Idan aka zare kwal ɗin da ke ƙarƙashinsu sai su sulluɓo gaba ɗaya. Alamarsu kawai wani siririn da'ira ne a jikin rufi, wanda idon da bai saba ba zai wuce shi sau goma. Uba yakan ɗaga fitila ya nuna wa ɗansa shi sau ɗaya, ya sa a tokare shi nan take, kuma ba ya so ya sake maimaitawa.

Darasin da ya fi wuya shi ne na gudu. Rufi yana motsi kullum, yana ƙara, yana nishi, kuma wanda zai tsere duk lokacin da ya ji ƙara ba zai ci abinci da wannan sana'a ba. Dole mutum ya bambance ƙarar da ke nufin ƙasa tana zama a hankali da wadda ke nufin saura ƙiftawar ido. Idan ta biyun ce, ba a komawa ɗaukar riga, ba a komawa ɗaukar diga, kuma tun kafin a fara aiki an riga an san ta ina za a bi.

Katako mai magana

Makamin mahaƙi a kan rufi shi ne katako. Dazuzzukan Wales ba su isa ba, don haka jiragen da suka kai kwal Faransa da Fotugal sukan dawo da gumagumai, musamman daga dazukan Landes da ke kudu maso yammacin Faransa. Mahaƙi yana da gatarinsa, da kuɗinsa ya saya, kuma kaifinsa abin alfahari ne.

Tokara ɗaya aiki ne na 'yan mintoci a hannun gwani, amma dubi abin da ke cikinta. Zai auna tsakanin ƙasa da rufi da ƙotar gatari da yatsunsa, ya yanke gungume daidai, ya bar wurin wani ɗan allon katako da za a cusa tsakanin kan gungumen da dutse. Allon nan shi yake raba nauyi, shi ne kuma yake fara matsewa, don haka kallonsa kaɗai yana nuna yadda rufi ke saukowa. Idan shimfiɗar kwal ta karkata, ba a kafa gungume a miƙe sak. Ana bin karkatar, a ɗan jingina shi ta yadda duk motsin da rufi ya yi ƙara ɗaure shi zai yi, ba ture shi ba. A kan hanyar taragu kuwa ana kafa biyu, hagu da dama, a ɗora na uku a kansu, a sassaƙa mahaɗarsu da gatari har ta zauna daram. Inda nauyi ya yi yawa sai a jera gumagumai biyu-biyu a giciye har rufi, a cika tsakiyarsu da dutse. Wurin da aka gama kwashe kwal kuma ana gina masa bangon dutse ba tare da laka ko siminti ba, domin rufi ya sami abin da zai sauka a kai a hankali.

Babu mahaƙin da ke ruɗin kansa cewa itace zai riƙe tsauni. Abin da katako yake yi shi ne ya riƙe shimfiɗar dutsen da ke kusa, ya sayi lokaci, sa'annan ya yi gargaɗi. Kafin ya karye yakan yi ƙara, ɓawonsa ya fara tashi, ya tsattsage. Lokacin da aka fara kawo tokarar ƙarfe, tsofaffin mahaƙa da yawa sun ƙi sakin jiki da ita, ba don ba ta da ƙarfi ba, sai don ba ta magana.

Abin da ya fi burge ni a duk sana'ar shi ne yadda gwani yake mai da nauyin da ke neman ransa ya zama ɗan aikinsa. Idan ya daidaita tokararsa yadda ya kamata, nauyin rufi sai ya koma kan bangon kwal ya dinga matsa shi har ya fara tsagewa da kansa. Tsauni ya yi masa rabin sara ke nan. Ya sassauta da yawa, rufi ya rufta. Ya ɗaure da yawa, kwal ya yi tauri ya ƙi fita. Tsakanin waɗannan biyun ne abincinsa yake.

Sara da lodi

Kwal yana da tsagogi na halitta da suka bi hanya ɗaya, kuma wanda ya san inda suka dosa yakan cusa bakin diga ya ɓamɓaro babban dunƙule da bugu kaɗan. Inda kwal ya yi tauri sai an yi masa rami ta ƙasa. Mahaƙi zai kwanta a gefensa, kafaɗa a ƙasa, wani lokaci cikin ruwa, a shimfiɗar da tsayinta bai kai mita guda ba, ya dinga sara da wuyan hannu da gwiwar hannu tunda babu sararin ɗaga diga. Zai rarake gindin bangon har zurfin hannu ko fiye, yana tokare kwal ɗin da ke rataye a kansa da gajerun itatuwa. Idan ya gama sai ya ja baya, ya buge su ɗaya bayan ɗaya, bango ya sauko.

Dole kuma ya sauko a dunƙule. A yawancin mahaƙun kudancin Wales manyan dunƙulen kawai ake biyan mahaƙi. A bakin rami ana juye tarago a kan wata rariyar ƙarfe, duk ɓarɓashin da ya zube ta ƙasa a auna shi a cire daga lissafinsa, ko da yake kamfani yana sayar da shi. Mai gaggawa da ƙarfin tsiya sai ya wuni yana farfasa ladansa da hannunsa. Lodi ma fasaha ce. Ana jera manyan dunƙule a gefen tarago su zarce bakinsa, a cika tsakiya, a yi gini mai tsayi wanda zai jure girgizar doguwar hanya ba tare da ya zube ko ya daki rufi ba. Daga ƙarshe mahaƙi ya rubuta lambarsa da alli a jikin taragon.

Harshen fitila

Kwal ɗin Wales yana fitar da iskar gas ta methane, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana fashewa idan ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri. Fitilar da Humphry Davy ya ƙirƙiro a 1815 ta kewaye harshen wuta da ragar waya, ragar tana shanye zafi ta hana wutar tsallakawa waje. Haskenta bai kai na kyandir ɗaya ba, kuma shekarun aiki a wannan duhu sun jawo wa dubban mahaƙa ciwon rawar ido. Amma fitilar ma'auni ce. Mai duba lafiyar rami yakan rage lagwani har harshen ya kusa mutuwa, ya ɗaga ta a hankali zuwa rufi inda gas ke taruwa. Idan akwai shi sai wata shuɗiyar hula ta bayyana a kan harshen, kuma daga tsayinta yake karanta yawansa.

Masana ma sun ba da nasu. William Galloway ya nuna tun shekarun 1870 cewa ƙurar kwal ce take ɗaukar ƙaramar fashewa ta yaɗa ta ko'ina a rami. John Scott Haldane, bayan ya binciki gawarwakin waɗanda suka mutu a fashewar mahaƙar Tylorstown a 1896, ya gano cewa yawancinsu ba wuta ce ta kashe su ba, iska mai guba ce da ke biyo bayanta. Shi ya ba da shawarar shiga da ƙananan halittu da gubar ke saurin kayarwa, kuma kanari ya yi wannan aiki a mahaƙun Birtaniya har 1986.

Duk da haka akwai iyakar abin da gwanintar mutum ɗaya za ta kare. Kunnensa yana tsaron gurbinsa, amma iskar rami da ƙurar hanyoyi a hannun kamfani suke. Ranar 14 ga Oktoba 1913 mahaƙar Universal da ke Senghenydd ta fashe, mutum 439 suka mutu, maza da yara. Ramin nan ya taɓa kashe mutum 81 a 1901. Bincike ya gano an karya dokokin tsaro, kotu ta ci manaja tarar fam 24, kamfani kuma fam 10.

Inda sikeli ya raba mutane

Kowace shimfiɗa tana da takardar farashinta: kaza a kan tan ɗaya na kwal, kaza a kan wasu ayyukan gefe. Amma ginshiƙin lada shi ne nauyin abin da aka fitar. Duk mintin da mutum ya ɓata yana sauraron rufi ko ƙara tokara, minti ne da bai cika tarago ba. Tsarin da kansa yana tura mutum ya yi caca da ransa, kuma tarbiyyar uba ce kaɗai take ja masa birki.

Sa'annan ba duk gurbi ne ɗaya ba. Wani ya dace da busasshen wuri mai kyakkyawan rufi. Wani ya faɗa inda ruwa ke zuba, ko dutse ya ratsa kwal, ko rufi ya ruɓe. Na biyun zai fi wahala, zai fi nuna gwaninta, ya tashi da rabin kuɗin na farko. Akan ba shi ɗan ƙari, amma sai yadda manaja ya ga dama, kuma mai yawan magana ya san irin gurbin da za a tura shi.

A ɗaya gefen akwai masu ƙasa, irin gidan sarautar Bute, waɗanda ake biya wani kaso a kan kowane tan da aka haƙo a ƙarƙashin filayensu, suka mallaki tashar jiragen ruwan Cardiff, suka ƙawata fadar birnin da dukiyar kwal. Akwai masu kamfani. Akwai manaja a babban gidansa mai lambu, nesa da jerin ƙananan gidajen da suka manne da juna a gefen tsauni. A cikin waɗannan ƙananan gidaje mata ne ke ɗauke da sauran rabin aikin rami. Kafin a yawaita gidajen wanka a bakin mahaƙu cikin shekarun 1930, uwa ce take dafa ruwa ta cika bahon kwano a gaban murhu don miji da 'ya'ya, ta wanke kayan aiki, ta busar da su kafin asuba.

Mataki na farko da mahaƙa suka ɗauka a kan sikeli ne. Tunda ma'aikacin kamfani ne ke auna tarago, wa zai tabbatar da gaskiyarsa? Dokar 1860 ta ba su damar zaɓen mutum nasu, su biya shi daga ladansu, ya tsaya kusa da mai awon kamfani yana rubuta nasa lissafin. Wannan kujera ta zama makarantar shugabanci. Noah Ablett da Arthur Horner, manyan jagororin mahaƙan Wales, duk sun riƙe ta a Maerdy.

A 1898, bayan wani dogon yajin aiki da suka sha kaye, mahaƙa suka haɗa kansu a Tarayyar Mahaƙan Kudancin Wales. Babban gwajinta ya zo a 1910 a ramin Ely da ke Penygraig, ɗaya daga cikin mahaƙun gamayyar Cambrian ta D. A. Thomas. An buɗe sabuwar shimfiɗa, kamfani ya ce zai biya sule ɗaya da nai a kan tan. Mahaƙa suka ce shimfiɗar cike take da dutse, ba za ta ciyar da iyali ba sai a sule biyu da sisi. Kamfani ya zarge su da jan ƙafa da gangan, ya rufe ramin. Ainihin tambayar ita ce, wa ya fi sanin halin wannan kwal, wanda ke kwance a gindinsa ko wanda ke ofis? Ma'aikata kusan 12,000 suka ajiye aiki, aka yi arangama da 'yan sanda a Tonypandy a watan Nuwamba, Winston Churchill yana ministan cikin gida aka turo ƙarin 'yan sanda daga Landan da kuma sojoji. Yunwa ta mai da su aiki a 1911 ba tare da sun sami abin da suka nema ba. Amma maganar mugun gurbi ta riga ta zama maganar ƙasa, kuma bayan yajin aikin mahaƙan Birtaniya baki ɗaya a 1912, majalisa ta yi dokar mafi ƙarancin lada ga ma'aikacin rami.

Ban ga abin mamaki ba a ƙarfin haɗin kansu. Mutumin da ke aiki ƙarƙashin katakon da wani ya kafa jiya da dare ya riga ya damƙa ransa a hannun ɗan'uwansa. Wanda aka koya masa tun yana ɗan shekara 14 cewa idan rufi ya danne maƙwabci ba a barin wurin sai an tono shi, ba ya bukatar doguwar lacca kafin ya fahimci ƙungiya.

Daga rami zuwa ɗakin karatu

Da kwabo-kwabon da ake cirewa daga ladansu, mahaƙa suka gina zauruka a garuruwansu, da ɗakunan karatu fiye da 100, da wuraren taro da na kiɗa. Saurayi ya fito daga rami, ya yi wanka, ya tafi ya ɗauki littafin tarihi ko na tattalin arziki.

Aneurin Bevan ɗan wannan tarbiyya ne. An haife shi a Tredegar a 1897, ya bar makaranta yana ɗan shekara 13, ba da jimawa ba ya shiga ramin Ty Trist. Yana da i'ina, ya yaƙe ta da karatu a ɗakin littattafan ma'aikatan garinsu, har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu iya magana a majalisar Birtaniya. Ƙungiyar mahaƙa ce ta ɗauki nauyin karatunsa a Landan a 1919. Mahaifinsa ya rasu a 1925 da ciwon huhun da ƙurar rami ke jawowa. Ya zama ɗan majalisa a 1929, ministan lafiya a 1945, kuma a 1948 ya kafa tsarin lafiya na ƙasa wanda kowa ke ganin likita ba tare da biya a bakin ƙofa ba. Tsarin ba baƙo ba ne a wurinsa, domin a Tredegar ma'aikata sun daɗe suna tara kuɗi daga ladansu suna ɗaukar likitoci don kusan duk mutanen gari.

Mu ma a Nijeriya labarin bai yi mana nisa ba. Kwal ɗin Enugu, wanda aka fara haƙa a 1915, shi ne ya tuƙa jiragen ƙasan da suka yi ta jigilar gyaɗar Kano. Mahaƙan can ma sun yi rigima da hukuma a kan lada, kuma ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe 21 daga cikinsu a mahaƙar Iva Valley, abin da ya ƙara wa fafutukar neman 'yanci wuta.

Hujja ta ƙarshe

A 1947 gwamnati ta karɓe mahaƙun Birtaniya daga hannun kamfanoni. Injinan yanka da tokarar ƙarfe mai aiki da matsin ruwa suka maye gurbin diga da gatari, kuma rayukan da suka tsira saboda haka suna da yawa. Bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985 aka yi ta rufe ramuka. Na ƙarshe a Rhondda, wato Maerdy, ya rufe a 1990. Ba na fatan wani yaro ya sake kwanciya cikin ruwa a duhu don ya ci abinci, kuma huhun dubban tsofaffi ya isa shaida a kan tsadar wannan sana'a.

Amma kafin labarin ya ƙare, mahaƙan sun sami damar amsa tsohuwar tambayar nan ta 1910. A 1994 hukuma ta rufe mahaƙar Tower da ke kusa da Hirwaun, ta ce ba ta da riba. Ma'aikata 239, ƙarƙashin jagorancin Tyrone O'Sullivan, kowannensu ya zuba fam 8,000 daga kuɗin sallamarsa, suka saye ta. A Janairun 1995 suka koma aiki a matsayin masu rami. Suka gudanar da shi shekara 13, suna biyan kansu albashi, suna samun riba, ba su rufe ba sai a 2008 da kwal ɗin da za a iya haƙa ya ƙare. Fiye da ƙarni guda ana auna mahaƙi da nauyin taragonsa kawai, ana ɗaukar sanin rami a matsayin na masu ofis. Mutanen Tower sun nuna cewa mafi tsadar jarin da mahaƙa take da shi yana cikin kawunan waɗanda ke sauka cikinta kowace asuba.